Rifitar mota ga masu aikin ceto a karkarar Jigawa da Kano: aikinta, inda take kasawa, da wadda ta cancanci a saya

Ƙorafin da aka fi ji daga bakin 'yan kwana-kwana, jami'an agajin gaggawa da direbobin motar asibiti a kan oba-oba shi ne: "Muna jin ofis, ofis ba ya jin mu." Sau da yawa ba lalacewa ta yi ba. Babbar tashar da ke hedikwata tana magana da ƙarfin wat 25 zuwa 50, eriyarta kuma na can ƙololuwar hasumiya, shi ya sa muryarta ke kai wa nesa. Ita kuwa ta hannu iyakarta wat 5 a zangon VHF, wat 4 a UHF (zangunan mitar rediyo biyu da oba-oba ke aiki da su), ga 'yar guntuwar eriyar roba, ga ta rataye a ƙugu inda jikin mutum ke shanye kaso mai tsoka na abin da take fitarwa. Umarni ya zo lafiya lau, amsa ta maƙale a hanya. Wannan gurbin ne rifitar mota take cikewa, kuma a ganinmu, ga tawagar da ke sauka daga mota ta shiga fadama ko cikin gari da ƙafa, babu wata na'urar sadarwa da ta kai ta biyan kuɗinta. Amma fa da sharuɗɗa, kuma su ne dillalai ba su cika faɗa ba.

Rifita ƙaramin rediyo ne na biyu da ake haɗawa da babban rediyon mota ta wata waya mai harsuna da yawa. Jami'i ya sauka, ya mayar da oba-obarsa kan layin rifita. Idan ya danna ya yi magana, rifitar ta kama, ta tayar da babban rediyon motar, shi kuma ya cilla maganar zuwa hedikwata da cikakken ƙarfinsa ta eriyar da ke kan rufi. Idan hedikwata ta amsa, rediyon motar ya ji, rifitar ta sake watsa wa na hannu da ɗan ƙaramin ƙarfi. Aikinta dai irin na ladanin da ke ɗaga kabbarar liman ga sahun baya a filin idi. Ba ta ƙara wa oba-oba ko wat ɗaya. Tafiyar da saƙon zai yi ne take rabawa biyu: gajeriya daga hannu zuwa mota, doguwa daga mota zuwa hasumiya, kowace da kayan da suka dace da ita.

Ya kamata mai sayayya ya riƙe wani lissafi, don da shi ake gane alkawarin ƙarya. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta yawancin Jigawa, ƙarfin siginal yana raguwa da sauri ƙwarai: kafin ka ninka nisan da kake kai wa sau biyu, sai ka ninka ƙarfin rediyo kusan sau 16. Tashi daga wat 5 zuwa wat 50, wato ninki goma, ba zai ma cika ninka nisa biyu ba. Amma ninka tsayin eriya sau biyu daidai yake da ninka ƙarfi sau huɗu, ba tare da an ci batir ba. Sannan akwai iyakar da lanƙwasar duniya ta gindaya: a kilomita, kusan 4.12 ne a ninka da jimillar tushen murabba'in tsayin eriyoyin biyu a mita. Hasumiya mai mita 30 da eriyar mota mai mita 2.5 sun ba da kimanin kilomita 29. Idan aka ɗaga eriyar motar a kan sanda mai zugewa zuwa mita 6, ya kai wajen 33. Wannan iyakar lissafi ce, ba abin da za ka samu kullum ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka da rifitar mota kaɗai jami'i zai yi magana daga Guri zuwa Dutse, alhali tsakaninsu ya haura kilomita 100, to kasuwa yake nema. Sai an sami tsayayyar tasha a kusa, a ce Haɗejia, wadda aka haɗa da hedikwata ta wata hanyar. Inda motar da kanta ba ta jin kowace hasumiya, rifita ba ta da wanda za ta miƙa wa saƙo.

Na'urar da muka ɗauka a matsayin ma'auni ita ce SVR-200 ta kamfanin Pyramid Communications na Amurka. Tsohon ƙira ce, ta analog, ba ta da allo ba ta da ado, ƙarfin da take watsawa ga na hannu bai wuce wat 2 ba kuma ana iya rage shi. Wasu na ganin wannan a matsayin rauni. Mu muna ganinsa daidai ne, domin oba-obar da za ta amsa ma ƙaramin ƙarfi gare ta, kuma ba a son tawagar da ke aiki a wannan ƙauye ta toshe wa ta ƙauyen gaba layi. A layi ɗaya take ji da magana da na hannu, kuma tana da wata dabara: yayin da take maimaita maganar hedikwata, takan ɗan tsahirta na ƙiftawar ido ta saurara ko wani na fili ya danna. Idan ya danna, ta juya ta ba shi hanya. Mai sauraro zai riƙa jin ɗan "cak, cak" a cikin murya, har wasu su ɗauka matsala ce. Ba matsala ba ce, ita ce ke ba wanda ke cikin haɗari damar katse dogon bayanin ofis.

Abin da ya fi ba ta daraja shi ne yadda take yi idan motoci da yawa suka taru wuri ɗaya. A babban haɗari ko ambaliya, mota uku ko huɗu masu rifita na iya tsayawa a gefen titi guda. Idan duk suka kama murya ɗaya suka watsa a lokaci ɗaya a layi ɗaya, hedikwata ba abin da za ta ji sai ƙugi da fito. SVR-200 tana fitar da wani ɗan sauti da zarar an kunna ta. Sauran da ke wurin suka ji sai su ja baya, wadda ta zo daga baya ta karɓi ragama. Idan mai ragamar ta tafi, sauran sukan ɗan jira, su ga ba wanda ya maimaita, ɗaya ta ɗauka. Wannan tsarin ne bambancin rifitar da aka ƙera don aikin ceto da wadda aka harhaɗa. Rauninta a fili yake: ba ta da rufin sirri na dijital, kowane irin rediyon mota da irin wayar haɗin da take buƙata, kuma sai mai gyara ya zauna da na'urar awo ya daidaita ƙarfin muryar da ke shiga da fita, in ba haka ba maganar ta fito a shaƙe ko can ƙasa-ƙasa.

Akwai hanya mai sauƙin kuɗi: rediyon mota mai zango biyu ko fiye irin su Kenwood TM-V71, Yaesu FT-8800 ko TYT TH-9800, waɗanda ke iya ji a UHF su maimaita a VHF da akasin haka. Suna aiki, kada a raina su, kuma ga ƙungiyar sa-kai mai mota ɗaya tal suna fitar da kitse daga wuta. Sai dai don masu sha'awar rediyo aka ƙera su, ba don hukuma ba. Ba su da tsarin ba juna ragama. Biyu suka haɗu a layuka iri ɗaya, suna iya kama wutsiyar juna, wannan ya tayar da wancan, wancan ya tayar da wannan, layin ya rufe ruf har sai an kashe ɗaya. Kuma da yake akwati ɗaya ne ke watsawa ta kowane ɓangare, duk wanda ya yi magana shi ke aiki, ba hutu. Haɗa oba-oba biyu irin Baofeng da 'yar waya mai tashi da jin murya kuwa, wannan ba ma za mu ba kowa shawararsa ba inda rai ke kan gaba. Jiniya ko ƙarar inji ta ishe ta ta kama layi.

Ga wanda zai sayi komai sabo, tsarin DMR, wato wani tsarin rediyo na dijital, ya cancanci dubawa. Yana raba layi mai faɗin kilohaz 12.5 gida biyu a lokaci, kowane gurbi na daƙiƙa 0.03, suna karɓa-karɓa. Wasu rediyoyin mota na Hytera suna amfani da wannan su ji a gurbi na ɗaya su maimaita a na biyu, a layi guda da eriya guda, ba sai da matata ba, wato na'urar da ke tace siginal don mai watsawa kada ya toshe kunnen mai ji. Galibi sai an biya kuɗin buɗe wannan aikin daban, don haka a tambaya kafin a sa hannu. Wannan yana faɗaɗa da'irar da na hannu ke jin junansu a kewayen mota, amma ba shi ne haɗa su da hasumiya mai nisa ba, kada a cakuɗa biyun. Akwai kuma Hytera RD965, cikakkiyar rifita mai wat 10 wadda ruwa da ƙura ba sa shiga, ana ɗaure ta a mota ko a goya ta da batirinta a kai ta kan tudu. A inda babu hasumiya sam, ita ce ta fi dacewa. Abu ɗaya game da dijital: analog kan yi gargaɗi da shuuu kafin ya ɗauke, mutum ya san ya yi nisa ya dawo baya. Dijital murya tas har bakin iyaka, sai ta kakkarye ta yanke. Irin su Futurecom DVRS da 'yan sanda da 'yan kwana-kwanan Amurka da Kanada ke amfani da su kuwa na tsarin P25 ne, wani tsarin dijital daban da DMR, sun fi dacewa da mai irin wannan tsarin.

Zaɓin zango ne hukunci na farko. Abin da ya fi sauƙi da ƙarancin rigima shi ne mota da hasumiya su yi magana a VHF, wanda ya fi jure fili da bishiyoyi, na hannu da mota kuma a UHF, wanda ya fi kutsawa lungu, rumfunan kasuwa da cikin gini. Tazarar zangunan biyu ta isa ta hana rediyon motar kurmantar da rifitar. Amma a kula: idan layin VHF ɗinku megahaz 150 ne, kada a zaɓi na UHF kusa da 450, domin kowane rediyo yana fitar da ɗan burbushi a ninki uku na layinsa, kuma daga tazarar mita ɗaya wannan burbushin ya isa ya toshe kunnen rifita. Illar wannan tsarin ita ce oba-obar UHF ba za ta iya kiran hasumiyar VHF kai tsaye ba idan motar ta mutu. Mai son oba-oba ɗaya ta yi duka biyun sai ya sa rifita a zango ɗaya da rediyon motar, a nan kuwa dole a sa matata a kan eriyoyin, a kuma raba layukan da megahaz da dama. Idan matatar ba ta daidaitu ba, alamarta ɗaya ce: jami'i kusa da mota ana jin sa, ya yi taku ɗari biyu sai maganarsa ta riƙa kamawa tana saki, domin da zarar babban rediyon ya tashi sai ya danne siginal ɗin da ya tayar da shi.

Yanzu a dubi ƙasar da za a yi aikin. A damina, musamman Agusta da Satumba, kogin Haɗejia da ke ɗauko ruwa daga Tiga da Challawa yakan tumbatsa ya shafi Ringim, Taura, Miga, Jahun, Auyo, Kafin Hausa, Haɗejia, Kiri Kasamma har Guri, kamar yadda aka gani a 2022. Hanya ta yanke, mota ta tsaya a bakin ruwa, sauran tafiyar sai kwale-kwale. A nan rifita take nuna kanta. Mutumin da ke zaune cikin kwale-kwale eriyarsa ba ta fi mita ɗaya daga ruwa ba, ga kacalla da ta fi mutum tsayi ta kewaye shi. Hasumiya ba za ta ji shi ba, amma motar da ke kan jinga ko kan gada a kilomita ɗaya ko biyu za ta ji. Wurin fakin shi ne rabin aikin. Direba ya saba neman inuwa, amma ƙarƙashin jiƙaƙƙiyar bishiyar mangwaro ko jikin shago mai rufin kwano shi ne mafi munin wuri. A nemi tudu, kan kwalbati, ko inda titi ya ɗaga, a tsaya a kira hedikwata da rediyon motar tukuna. Idan amsar ta zo da shuuu, a gusa mita goma ko ashirin a sake gwadawa. Sau da yawa ɗan wannan motsin ke gyara ta. A kudancin Kano, wajen Doguwa, Riruwai da dajin Falgore, da kuma duwatsun Birnin Kudu da Gwaram, matsalar daban ce: dutse ke tare siginal. A can sai a ajiye motar inda take hangen kwarin da ake aiki ta gefe ɗaya, tana kuma jin hasumiya ta ɗaya gefen, ko da hakan na nufin ta yi nisa da wurin.

Haɗarin tankar mai ya ƙara nuna amfaninta. Abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoba na 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, ya isa ya sa kowa ya ɗauki tazara da muhimmanci. Ƙa'idar masu kai ɗauki a Amurka ita ce a kori jama'a mita 800 ta kowace fuska idan wuta ta kama tanka. Da rifita, motar kwamanda na iya tsayawa can nesa, ta inda iska ke tahowa, waɗanda suka matsa kusa kuma ba su yanke da hedikwata ba. Amma oba-obar da za ta shiga inda fetur ya malala dole ta kasance irin wadda aka tantance ba ta tayar da tartsatsi, mai tambarin ATEX ko makamancinsa. Rifita ba ta canja wannan hukuncin.

Wace mota za a saka wa? Mutane da yawa sukan ce motar asibiti, don ita ce sabuwa. Kuskure ne babba. Motar asibiti ita ce ta farkon barin wuri. Ta ɗauki masu rauni ta nufi Jahun ko Birnin Kudu, sai waɗanda aka bari a fili su wayi gari ba mai jin su. A saka wa motar da ke zuwa da wuri ta tafi a ƙarshe, wato ta shugaban tawaga.

Wajen ɗaurawa ne ake yawan zubar da kuɗin da aka kashe. Eriya mai rubu'in zango, wato rubu'in tsawon igiyar siginal, tsawonta kusan santimita 50 ne a VHF, 16 a UHF, kuma tana buƙatar ƙarfe a ƙarƙashinta mai faɗin aƙalla tsawonta ta kowane gefe. Wurinta tsakiyar rufi, a huda rami na milimita 19 a sa gindi irin NMO, a kankare fenti ta ciki don ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Mai mota ba ya son a huda masa rufi, mun sani, amma eriya mai maganaɗisu ta wucin gadi ce: reshe ya ture ta, ƙofa ta tsinke wayarta. Motocin asibiti masu dogon rufin roba ba su da wannan ƙarfen, sai a manna faranti ta ciki ko a sa eriya mai rabin zango. Eriyoyin biyu a nisanta su iyakar yadda rufin ya bari, mita ɗaya ko fiye, kuma ɗaya sama ɗaya ƙasa ya fi su jeru kafaɗa da kafaɗa. A nisanta su da fitilar jiniya da ƙarfen ɗora kaya na kan rufi. Kebul ɗin RG-58 mai tsawon mita 5 yana cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfi a UHF, don haka kada a bar ragowa a naɗe ƙarƙashin kujera, a yanke daidai. A ƙarshe a auna SWR, wato ma'aunin ƙarfin da ke dawowa daga eriya: ƙasa da 1.5 ya yi, sama da 2 akwai gyara, domin ƙarfin da bai fita ba komawa yake ya zama zafi a cikin rediyo.

Wuta kuma kai tsaye daga batir za a jawo ta, ba daga soket ɗin cajin waya ba. Rediyo mai wat 45 zuwa 50 yana jan amfiya 11 zuwa 13 idan yana watsawa. A sa waya mai kaurin milimita murabba'i 4, ko 6 idan tafiyar ta yi tsawo, da fis na amfiya 15 ko 20 bisa abin da littafin rediyon ya ce, kuma fis ɗin ya zauna dab da kan batir, kada ya wuce santimita 30. Inda wayar ta ratsa jikin mota a sa mata zoben roba. Idan waya ta yi siriri, wuta kan faɗi daidai lokacin da aka danna, rediyon ya mutu ya sake tashi, a ɗora wa rifita laifi. Manyan motocin kashe gobara da yawa bolt 24 gare su. Mai wayarin kan so ya ɗebo 12 daga batir ɗaya cikin biyun, wanda ke kashe batiran duka a hankali. A sa na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12 mai ɗaukar amfiya 20.

Ga lissafin batir. A ce rediyon motar na watsawa kashi ɗaya cikin uku na lokaci: amfiya 4 ke nan a matsakaici, a ƙara na sauraro da na rifita ya kama 5 zuwa 6. Batir mai amfiya-awa 70, idan ana son ya tayar da inji, bai kamata a sha fiye da rabinsa ba, wato awa shida ke nan a sabon batir ba tare da fitilu ba. Tsohon batir da fitilar gargaɗi a kunne ba zai kai rabin haka ba. Aikin ambaliya kuwa yini ake yi. Mafita ita ce batir na biyu da rile mai raba shi da na inji, ko aƙalla na'urar da ke yanke wuta idan ta sauka wajen bolt 11.8.

Zafi ne babban abokin gaba a nan. Yawancin rediyoyin mota an ƙera su ne su jure har digiri 60, kuma don magana jefi-jefi. A Afrilu da Mayu iskar waje kanta tana haura digiri 40, rufaffiyar mota a rana kuwa dashbod ɗinta ya wuce abin da rediyon zai ɗauka tun kafin a danna. Da ya yi zafi sai ya rage ƙarfinsa da kansa ba tare da ya gaya wa kowa ba, hedikwata ta fara cewa ba ta ji. A ɗaure shi bayan kujera inda iska ke wucewa, haƙarƙarin sanyayarsa a buɗe, a ƙara ƙaramar fanka mai bolt 12. A rage ƙarfi zuwa wat 25 in har yana kai wa. Bambancin nisan kaɗan ne, na zafi da batir kuwa mai yawa. A sa agogon yanke magana a daƙiƙa 60, saboda wanda ya zauna a kan maɓallin oba-obarsa kada ya riƙe layin duk yankin. Ƙurar hunturu tana toshe haƙarƙarin, a riƙa hure ta. Kafin damina a naɗe mahaɗar kebul ta waje da tef mai narkewa ya haɗe da kansa, don ruwan da ya shiga kebul ba ya fita. Mai ɗaga sandar eriya kuma ya ɗaga kai ya duba wayoyin lantarki tukuna, ya sauke ta da zarar hadari ya haɗo.

Akwai wata cuta da ba a gani: hayaniyar da motar kanta ke haifarwa. Fitilun LED masu araha, cajar waya da inbata suna watsa ƙara a VHF har su rufe siginal mai rauni. Gwajin ba wuya. A buɗe rediyo a kan tasha mai nisa da ake ji da ƙyar, a kunna kayan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sa muryar ta nutse shi ne ɓarawon.

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan ba a koya wa masu riƙe oba-obar abu biyu ba. Na farko, a danna, a ƙirga ɗaya a zuci, sannan a yi magana. Kafin rifita ta gane ɓoyayyen sautin da oba-oba ke aikawa don buɗe layin, ta tayar da rediyon mota, shi kuma ya tayar da hasumiya, an ci wani yanki na daƙiƙa, kuma kalmar farko ce ke salwanta. Wanda ya ce "Kada ku biyo ta gada" cikin gaggawa, abin da zai isa kunnen direba shi ne "ku biyo ta gada". Shi ya sa ake fara kira da sunan wanda ake nema, "Malam direba, Malam direba", sannan saƙon, shi kuma ya maimaita abin da ya ji. A riƙe oba-obar a tsaye, eriya sama, daidai fuska, ba a kwance ba kuma ba a ƙugu ba. Na biyu, a kashe rifita idan an koma mota. Motar da ke tafe da rifita a kunne tana iya wucewa ta kusa da wani wurin aiki ta rikita musu layi. Ya fi kyau a haɗa makunninta da birkin hannu: an ja ta kunnu, an saki ta mutu, da ƙaramar fitila a dashbod mai nunawa. Kuma kowace oba-oba ta kasance da layin kai-tsaye na hannu da hannu wanda kowa ya san lambarsa, don ranar da motar ta yi shiru.

Hukuncinmu: hukumar da ke da hasumiya da rediyoyin analog, da motoci fiye da ɗaya, ta sayi rifita irin SVR-200 mai tsarin ba juna ragama, a zango daban da na motar. Mai farawa daga tushe a yankin da ba hasumiya ya dubi DMR da rifita mai ɗaukuwa. Rediyo mai zango biyu na mai mota ɗaya ne, da sanin iyakarsa. Kowanne aka zaɓa, sai da lasisin layi daga Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya, na'urar kuma ta zama irin wadda Hukumar Sadarwa ta Najeriya (NCC) ta amince da ita. Layin rifitar ma layi ne mai zaman kansa da ake nema, ba a tsintar sa.

Kada a biya cikon kuɗi a harabar ofis, inda komai ke aiki. A fita da motar zuwa inda aka san oba-oba ba ta kai wa, mutum ya taka mita 500, kilomita 1, kilomita 2, ya shiga bayan ginin ƙasa da cikin soro mai rufin kwano, hedikwata tana rubuta yadda take jin sa a kowane wuri. A kawo mota ta biyu a kunna tata a ga ko sun ba juna hanya, sannan a tafi da mai ragamar a ga ko ɗayar ta ɗauka. A yi rabin awa ana magana ba ƙaƙƙautawa da tsakar rana, inji a kashe, a taɓa rediyon, a auna batir, a tayar da motar. Takardar farashi ta rarrabe kuɗin rifita, wayar haɗi, matata, eriyoyi, batir na biyu da aikin hannu. Mai kwangila kuma ya miƙa fayil ɗin saitin kowane rediyo, da kalmar sirrinsa da kebul ɗin saiti, tare da eriya ɗaya ta kowane zango da fis guda biyar da za su zauna cikin motar.